Yadda muka ƙwato mashayarmu daga baƙuwar kainuwa

Ƙauyenmu yana gaɓar gabas ta Kogin Kwara, ƙasa kaɗan da garin Yauri, daidai inda kogin yake fara buɗewa ya zama tafkin Kainji. Ni malamin firamare ne, amma a gidan masunta aka haife ni, kuma da yake littafin ƙungiyar masuntan ƙauye yana hannuna, duk aikin gayyar da ya shafi ruwa da ni ake yi. Wanda zan ba da labarinsa shi ne aikin da muka yi na fitar da baƙuwar kainuwa daga lungun ruwan da muke ɗaure jirage, inda kuma mata suke wanki, shanu suke shan ruwa.

Ruwa biyu muke samu a shekara. Akwai farin ruwa na damina, mai laka, da yake cika kogi daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda yake tasowa tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, bai iso mana ba sai cikin hunturu. Dukansu biyun suna ɗauko mana wannan ciyawa daga sama, wani lokaci ƙwaya ɗaya ɗaya, wani lokaci shimfiɗa guda mai faɗin fili, har da tsuntsaye a kanta.

Kainuwa muke ce mata don ita ma yawo take yi a kan ruwa, amma ba kainuwar da iyayenmu suka sani ba ce. Waccan gajera ce, ganyenta a kwance, ba ta tare wa kowa hanya. Wannan kuwa ganyenta kore shar, mai sheƙi, a tsaye, inda ta yi cunkoso takan kai ƙugun mutum. Gindin ganyen a kumbure yake, idan ka tsaga shi cikinsa kamar soso, shi ne yake riƙe ta a saman ruwa. Saiwarta baƙa ce mai gashi-gashi, tana lilo a ƙasa. Sai furen: zangarniya guda mai furanni launin shunayya mai haske, kowanne da ɗigon rawaya a ganyensa na sama. Duk wanda ya gan shi sai ya yaba. Masana suna kiranta Eichhornia crassipes, kuma asalinta kwarin Amazon ne a Kudancin Amurka.

Wannan furen shi ya raba ta da gida. A 1884 an raba ta kyauta ga mahalarta wani baje koli a birnin New Orleans na Amurka, mutane suka kai ta tafkunan gidajensu, ba a daɗe ba ta toshe koguna a Fulorida. A ƙarshen ƙarni na 19 aka shigar da ita lambunan Masar don ado. Cikin shekarun 1950 ta mamaye Kogin Kwango, ta kuma bayyana a Farin Nilu a Sudan. A Nijeriya an fara ganinta a 1984 a ruwan Badagiri da Legas, ta shigo daga Jamhuriyar Benin. Mu kuma ta sauko mana daga Nijar a ƙarshen shekarun 1980. Mutanen Legas suna da abin da ba mu da shi: idan rani ya yi, ruwan gishiri na teku yana shigowa ya kashe mai yawa daga cikinta. Namu ruwan daɗi ne tsantsa, ga zafi, ga takin zamanin da ruwan sama yake wankowa daga gonakin shinkafa. Babu abin da take nema da ba ta samu a nan ba.

A shekarar da nake magana, farin ruwa ya turo ta cikin lungunmu, iskar damina da take busowa daga yamma ta danne ta a can, ta zauna. Ba iri take jira ba kafin ta yaɗu. Kowace uwa tana miƙa jijiya a kan ruwa, 'ya ta fito a ƙarshen jijiyar, ita ma ta miƙa tata. Idan yanayi ya yi mata daɗi, cikin mako biyu takan ninka kanta. Kafin baƙin ruwa ya iso, daga bakin lungun har ƙuryarsa ba ka ganin ruwa ko na tafin hannu.

Abin da ya fara damun mutane shi ne hanya. Filafili ba ya shiga, sandar tuƙi tana sarƙewa, mai inji kuma saiwa tana naɗe masa farfela. Masunta suka koma ɗaure jirage a can nesa, suna ɗauko kifi a ka. Amma ni abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da yake faruwa a ƙarƙashi. Na buɗa ta da hannu na ɗebo ruwan, sai ga shi baƙi, yana wari. Rana ba ta ratsa wannan rufi, saboda haka ƙananan tsirran da suke cikin ruwa suna mutuwa, tsofaffin ganyenta kuma suna nutsewa suna ruɓewa, ruɓewar tana cinye iskar da kifi yake shaƙa. Karfasa, wadda a dā take haƙa ramukan ƙwanta a yashin bakin lungun, ta ƙaura. Ragon ruwa da kurungu ma haka. Tarwaɗa da gaiwa kaɗai suka rage, su da suke iya leƙowa sama su shaƙi iska. Burgun da Fulani suke yanka wa shanu a gefen ruwa ya shaƙe, bado ya ɓace. Sauro ya yi yawa har cikin sanyi. A saiwar kuma na ga ƙananan dodon koɗi birjik, irin waɗanda suke ɗauke da cutar tsargiya, kuma ni na san yawan yaran ajina da suke fitsarin jini.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye ba: a gefen shimfiɗar, inda ta haɗu da buɗaɗɗen ruwa, 'ya'yan kifi suna samun mafaka a cikin saiwar. Idan kaɗan ce ba ta da wannan ɓarna. Matsalarta ba ta iya zama kaɗan.

Aka yi taro a ƙofar gidan Sarkin Ruwa. Matasa suka kawo shawara mai sauƙi: iskar hunturu daga tudu take busowa zuwa kogi, a sare ta gunduwa-gunduwa, a tura ta bakin lungu, ruwa ya tafi da ita. Sarkin Ruwa ya girgiza kai. Ya ce, “Wanda ya turo mana ita daga sama mun gode masa ne? To mu ma na ƙasa ba za su gode mana ba.” Wani kuma ya ce a sayo maganin feshi. Wannan ni na tsaya a kai, na ce, “Ranka ya daɗe, ruwan nan shi muke sha, shi dabbobi suke sha. Kuma ko ta mutu, a cikin ruwan za ta ruɓe, warin da muke gudu ya ninku.” Aka tsaya a kan fitar da ita da hannu zuwa tudu, kuma aka ce a jira ruwa ya fara janyewa, wajen watan Maris, lokacin da wani sashenta zai zauna a kan laka da kansa, zurfin lungun kuma ya ragu.

Abu na farko da muka yi shi ne rufe bakin lungun. Muka kafa turaku a gaɓa biyu, muka ɗaure gwangwala baki da baki a jikin igiya mai kauri, muka saƙala tsohuwar koma a ƙarƙashi, muka bar ƙofa guda da ake kwancewa jirgi ya wuce. Dabarar ba tamu ba ce. A ƙarshen shekarun 1990, ƙarƙashin wani shirin kamun kifi na haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus, an girka babban shinge mai iyo a kan kogin tsakanin Zamare da Rofiya don a tare ciyawar kafin ta shiga tafkin, wanda madatsarsa take ba da wutar lantarki tun 1968. Mu muna sama da wurin, shingen bai kare mu ba, amma dattawanmu sun ga yadda aka yi shi. Namu ƙarami yana aiki biyu: sabuwa ba ta shigowa, wadda muka sara kuma ba ta sulalewa ta tafi ƙauyen gaba.

Sai saran. Nan ne ƙarfi yake ƙarewa. Shimfiɗar a sarƙe take, jijiya cikin jijiya, ba ta jawuwa gaba ɗaya. Mutum biyu suke shiga kwalekwale ɗaya, ɗaya yana tokare jirgin, ɗaya yana durƙushe a goshi da adda yana yanka layi. Idan sun zagaye yanki mai faɗin ɗaki, sai su kewaye shi da igiya su jefo bakinta gaɓa, mutanen tudu su ja. Yankin yana tahowa a hankali, yana jan laka, har ya taɓa ƙasa. Daga nan masu manjagara da masu hannu su karɓa. Kafin a taɓa kowane yanki sai an bubbuga shi da dogon kara, domin macizai suna son wurin. Da idona na ga wani ya zame daga cikin ganye ya bi ta tsakanin ƙafafun mutane ya shige ruwa, kowa ya daskare har ya wuce. Ruwan jikin ciyawar yana sa ƙaiƙayi, ga matsattsaku, saboda haka muka ce kowa ya sa dogon wando da riga mai hannu, mai takalmin roba ya sa. Yara muka hana su shiga ruwan kwata-kwata saboda tsargiya, aikinsu kawo ruwan sha ne.

Nauyinta yana ba da mamaki. Kusan kashi 95 cikin ɗari na jikinta ruwa ne, kuma inda ta yi kauri hekta ɗaya takan haura tan 200. Daro guda cike da ɗanyarta sai namiji ya nisa kafin ya ɗora a ka. Da muka ga haka sai muka daina kwasarta nan take. Mukan baza ta a kan busasshiyar laka, ranar Maris ta yi mata kwana biyu ko uku, ta yi yaushi, nauyin ya zube, sannan amalanken shanu da baro su kwashe. Da asuba ake fara aiki, kafin azahar an tashi, don zafin wannan wata ba ya barin mutum.

Inda za a kai ta, a nan ne na ga mutane da yawa suke yin asarar wahalarsu. A wasu ƙauyuka ana tara ta a bakin ruwa a tafi. Ta sama takan bushe, ta ƙasa kuwa tana nan da ranta cikin danshi, ruwa yana dawowa ya ɗauke ta ta ci gaba daga inda ta tsaya. Sarkin Ruwa ya taka da kansa ya nuna mana wata tsamiya da ya ce tun da aka yi madatsa ruwa bai taɓa kai gindinta ba. Bayan tsamiyar muka yi masauki.

Sannan akwai iri. Idan furen ya gama, sandarsa tana lanƙwasawa ta tsoma kai cikin ruwa, 'ya'yan su zube su kwanta a laka. Ƙanana ne ƙwarai, kuma suna iya yin shekara 20 a can ba su mutu ba, suna jiran ruwa ya janye ya dawo. Don haka muka ware mata da tsofaffi, suna bin abin da aka baza suna tsinke duk wata zangarniya, mai fure da wadda ta riga ta lanƙwashe, ana tarawa daban a ƙone.

Ana cikin wannan aikin wani baƙo ya tsaya da mota, ya zo sayen busasshen kifi. Ya ga furannin a cikin daro, ya ɗauki ɗaya yana jujjuyawa. Ya ce yana da tafkin kiwon kifi da ɗan lambu a gidan gonarsa, a ba shi masu rai guda biyar ya zuba, za su yi wa kifi inuwa su ƙawata wurin, zai biya. Sarkin Ruwa ya tambaye shi, “Alhaji, idan tafkin ya cika da damina, ina ruwan yake zuwa?” Ya ce wani rafi ne a bayan gonar. Sarkin Ruwa ya ce, “To ka yi haƙuri. Kainuwa dashen Allah ce, amma wannan dashen mutum ce, kuma da guda biyar ɗin nan aka fara ko'ina.” Mutumin bai ji daɗi ba, amma ya ajiye. Ba mugu ba ne, abin da ya gani mai kyau ne, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa. Tarayyar Turai ta haramta sayar da wannan shuka tun 2016. A ganina masu sayar da furanni a biranenmu da masu gina tafkunan ado a otal-otal su ne suka fi kowa bukatar jin wannan labari, domin masunci ya riga ya sani.

Da tulin ya taru bayan tsamiya, sai tambaya ta taso: a ƙone ko a yi taki? Ƙonawa ta fi sauƙi, amma mutanen da suka yi wannan wahala suna son su ga abin da za su kai gida, kuma idan babu riba ba za su fito baɗi ba. Ƙasar Yauri ƙasar albasa ce da shinkafa, takin zamani kuma ya yi tsada. Wani malamin gona ya nuna mana yadda ake yi. Ana daddatsa ciyawar da ta yi yaushi da adda. A shimfiɗa karan shinkafa a ƙasa don iska ta riƙa shiga, a zuba ciyawa kamar kamu ɗaya, a bi da kashin shanu, a barbaɗa toka da ɗan turɓaya, a sake kara, a sake ciyawa, har tulin ya kai ƙirjin mutum. A yayyafa ruwa, a rufe da tsofaffin buhuna. Idan ciyawar ce zalla ba kara, dunƙulewa take yi ta zama caɓi mai wari.

Mun soke doguwar sanda a tsakiyar kowane tuli. Bayan 'yan kwanaki idan ka zaro ta ka kama, sai ka ji zafi har ka saki, tururi yana fita daga ramin. Wannan zafin ake so, shi ne yake dafa takin, yana kuma taimakawa wajen kashe irin da ya tsere wa masu tsinka. Idan sandar ta fito a bushe, a ƙara ruwa. Idan ta fito da sanyi da wari, tulin ya jiƙe da yawa, a buɗe shi. Duk mako biyu ana juyawa, na waje ya koma ciki. Tulin da ya kai ƙirji yana sauka har ya dawo gwiwa, abin da ya sa wasu suka fara gunaguni cewa an yi aikin banza. Kafin ruwan sama ya zauna sosai ya zama baƙi, mai laushi, yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi.

Malamin gonan ya ja mana kunne a kan abu ɗaya. Wannan ciyawa tana zuƙar duk abin da yake cikin ruwa ta ajiye a jikinta, har da guba irin su dalma da makuri. A yankinmu akwai masu haƙar zinariya da suke wanke ƙasa a bakin rafuka. Ya ce duk wadda aka ciro kusa da irin wannan wuri kada a kai ta gonar abinci. Lungunmu yana nesa da su, amma mun rubuta wannan a littafin ƙungiya.

Aka raba takin bisa yawan fitowar kowane gida, kamar yadda littafi ya nuna. Ni na zuba nawa a masara, na rage wani na rufe shi har lokacin albasa. Bai maye gurbin takin zamani gaba ɗaya ba, kuma ba na so wani ya karanta wannan ya ɗauka haka. Abin da na gani shi ne kwamin da aka zuba masa yana riƙe danshi, ba ya tsagewa da wuri, ban ruwa ya ragu.

Wajen datsa ciyawar na lura da wani abu. Ganye da yawa suna da ƙananan tabo kamar an kankare su, idan ka tsaga gindin kuma sai ka ga rami baƙi da farar tsutsa a ciki. Wani ɗan ƙwaro ne mai dogon baki, ana kiransa Neochetina, shi ma daga Kudancin Amurka aka kawo shi, kuma wannan shukar ce abincinsa. An sake shi a Benin a farkon shekarun 1990, cibiyar binciken kifi ta New Bussa ma ta yi aiki da shi a Kainji. A tafkin Biktoriya na Gabashin Afirka, inda ciyawar ta rufe tashar jiragen ruwa ta Kisumu a Kenya ta kuma riƙa toshe injinan lantarki a Jinja ta Yuganda, wannan ƙwaro yana cikin abubuwan da suka karya ta a ƙarshen shekarun 1990. Aikinsa a hankali yake, sai an yi shekaru. Ba zai buɗe maka mashaya a wata guda ba, amma yana raunana ta, ya rage mata fure da 'ya'ya. Ganin sa ya ƙara tabbatar mini da cewa mun yi daidai da muka bar feshi, domin idan ciyawar ta mutu gaba ɗaya a lokaci guda shi ma yunwa za ta kashe shi, iri kuma ya tsiro babu mai tare shi.

Ruwan lungun bai washe nan da nan ba. Ruɓaɓɓiyar laka ta daɗe tana wari, sai da farin ruwa ya shigo ya wanke. Bayan nan aka fara ganin karfasa a bakin yashi, bado ya leƙo a ƙurya. Burgu bai dawo da kansa ba, sai da wasu makiyaya suka kawo kara daga wani gungu suka dasa.

Ciyawar ma ta dawo, ta hanya biyu. Kogi bai daina kawo ta ba, tana taruwa a jikin shingen gwangwala. Sannan a lakar da ruwa ya janye ya bari, 'ya'yan da suka zube tun shekarun baya suna tsirowa, siraran ganye kamar na ciyawar banza, sai wanda ya sani yake gane su. Yanzu tsarinmu shi ne kowace Juma'a da safe gida biyu suke fita da kwalekwale su kwashe abin da ya taru a shinge su kai bayan tsamiya, ana bi gida-gida. Idan ruwa ya janye kuma a bi lakar da fartanya kafin tsiron ya yi gindin da zai ɗaga shi. Gwangwala tana ruɓewa, igiya tana tsinkewa, don haka duk jirgin da yake ɗaure a lungun yana ba da ɗan kuɗi a wata, da shi ake sabunta shingen kafin Agusta. Ƙauyuka biyu da suke sama da mu sun aiko a nuna musu yadda ake ɗaurin, mun tura musu matasa uku da ragowar igiyarmu.